Rasuwar Salulata, Wadda Na Hana Ta Shara

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido da bai gama bushewa ba, ni Zara'u ta Urafane ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Tasawa, Mayahi da Gidan Amumune cewa salulata, wato wayata ta hannu, ta riga mu gidan gaskiya, bayan doguwar jinya ta cikar ciki.

Marigayiyar ta shigo gidana a shekarar da soja suka karɓi mulki, damina ta yi mana gardama, hatsi ya ƙone a tsaye. Ɗana Maiwada ne ya damƙa mini ita ranar da zai tafi Tamanrasat neman abin da za mu ci, don in riƙa jin muryarsa. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ta san yatsana. Mai haƙuri ce. Ta faɗa cikin ƙullun fura ta fito ba ta yi ƙorafi ba. Lokacin da wuta ta yi wuya, a fanon hasken rana na maƙwabta take cin abincinta, ko rabin ciki ta samu sai ta gode. In saƙon Maiwada ya iso takan ce "ƙwal!", ni kuma in saki taɓarya.

Ciwon ya fara ne da hoton wata 'yar tsintsiya da ke fitowa a fuskarta. Na kai ta wurin Na Allah mai gyara a kasuwar Tasawa. Ya ce duk abin da na buɗe, wa'azi ko hoton biki, yana barin ɓurɓushi a cikinta, kamar ƙaiƙayi bayan sussuka. Ba shi da amfani, ita ma so take ta zubar, izini kawai take nema. Ya rantse mini muryar Maiwada ba ta cikin abin da za a kwashe.

Na ji shi sarai. Amma a gidanmu, tun daga kakata, in mutum ya yi tafiya ba a bin sawunsa da tsintsiya. Wannan salula kuwa daga hannun Maiwada ta fito. Na ce wa Na Allah ya ma kashe mini sharar da take yi da kanta. Ya ce, "Inna, ko rumbu sai an kakkaɓe shi kafin a zuba sabon hatsi." Na ce ya kakkaɓe nasa.

Daga nan ta fara nauyi. Sai in taɓa ta, in je in ba awaki ruwa in dawo, ba ta amsa ba. "Ƙwal" ya ɗauke. Na zauna ina zargin yaro ya manta da uwa, ashe shi yana can yana ta aikowa, babu wurin da saƙo zai sauka. Da ya kira ya kira bai same ni ba, sai ya bar aikin ginin da ya sha wuya kafin ya samu, ya hawo mota yana kuka, ya ɗauka ni ce na mutu. Ya tarar da ni ina tsince wake. Ita ce ta cika, washegari da hantsi, da tsintsiyarta a fuska.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin zare, da pus guda, wato layinta, da ke neman mariƙi, da tsumman da nake naɗe ta.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar, a sa ta a ƙasan kwallata ta aure. Ana karɓar gaisuwa a gindin itacen bedi na ƙofar gida, akwai fura. Duk mai zuwa, in tasa ta nuna tsintsiya, ya bar ta ta yi aikinta tun daga gida.

Maiwada zai koma bayan kaka, zai bar mini tasa. Na yarda a riƙa share ta kowace ranar kasuwa. Ɗakinsa dai, kada wanda ya kusance shi da tsintsiya.