Ranar da Na Rungume Ƙwallo Saboda Baba

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Alhamis ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Abokan karatuna ne ba sa bari. Yau duk mun yi furfura, wasunmu da jikoki rututu, amma da mun haɗu a wajen ɗaurin aure sai wani ya tono zancen, a yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuma in yi kamar ina gyara hula.

A shekarun sittin ne, lokacin ana ta aikin faɗaɗa Harami, ina aji biyu a kwalejin horar da malamai a nan Makka. A unguwar Jarwal aka haife ni. Babana tela ne, mutumin Kano, da ƙafa ya zo aikin hajji ta Sudan tun yana saurayi, bai kuma koma ba. A gida Hausa muke yi, a waje Larabci, in rai ya ɓaci a gauraya su.

A lungun unguwarmu na koyi ƙwallo, kuma lungu yana da dokokinsa. Duwatsu biyu ne raga, wanda ya fi kowa ƙiba shi ne gola, mai ƙwallo kuwa ba a korarsa ko da ya karya ƙafar wani. Amma babbar dokar ita ce wannan: in dattijo ya doso, ko mace, ko mai ɗauke da garwar ruwa, duk wanda ƙwallo take ƙafarsa sai ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu, ya ce “Waggif!”, wato a tsaya. Sai mutum ya wuce a ajiye ta inda aka tsaya, a ci gaba. In ka ƙi, kafin ka isa gida labari ya riga ka, kunnenka kuwa zai gaya maka. Nawa kunnen ya sha murɗa har abin ya zauna mini a jiki kamar atishawa.

Da na shiga kwaleji aka ɗauke ni a ƙungiyar makaranta, ina tsaron baya. Ni kaɗai ne Bahaushe a cikin goma sha ɗayan, kuma kada ku so ku ga yadda nake tafiya a unguwa a lokacin. (Takalmin ƙwallon ma a wuya nake rataye shi, don kada wani ya yi zaton daga kasuwa nake.)

To, ranar Alhamis ɗin nan wasan ƙarshe ne na kofin makarantu, mu da wata kwaleji daga Ɗa'if. Makarantarmu ba ta taɓa ɗaukar kofin ba, kuma a yadda maki ya tsaya, ko kunnen doki muka yi namu ne. Na bi gida-gida a Jarwal ina gayyata, ina cewa ko ƙuda ba zai wuce ta gefena ba. Har Baba na roƙa, shi da yake kiran ƙwallo “gudun banza”. Bai ɗago daga keken ɗinki ba ya ce, “Allah ya kai mu.”

Alƙalin wasan kuwa Ustaz Isiyaku ne, maƙwabcinmu, aminin Baba, wanda muke ce wa Kawu. Malamin motsa jiki ne a wata firamare, ya je Jidda ya koyo alƙalanci, kuma shi ne Bahaushe na farko da na taɓa gani da usur a baki. Ɗan gajere ne siriri, ba ya ɗaga murya, kullum da ɗan littafin dokoki a aljihu. Ranar da ya fara fita da gajeren wandon alƙalai tsofaffin unguwa salati suka yi ta yi. Da na ji shi ne zai busa wasanmu, a raina na ce shi ke nan, kofi ya zo gida.

Filin na ƙasa ne, an ja layi da farar ƙasa, ba katanga ba shinge, 'yan kallo suna tsaye a bakin layi. Rabin Jarwal ta zo, amma ban ga Baba ba. Muka ci ɗaya, suka rama. Ana ɗaya da ɗaya har rana ta yi ja, saura 'yan mintoci a tashi, mutanenmu sun fara waƙa.

Sai 'yan Ɗa'if suka kawo hari ta dama, aka bugo ƙwallo sama cikin yadi na sha takwas ɗinmu. Na tare ta da ƙirji, ta sauka a ƙafata lafiya lau. Abin da ya rage mini kawai in narka mata duka ta bar unguwar. Ina ɗaga kai don in ga inda zan buga, sai na hango farar riga da baƙar lema, wani dattijo yana tafe a hankali daga kusurwar fili, ya doso inda muke. Baba ne.

Wallahi ban yi tunani ba, hannuwana ne suka yi aikinsu. Na sunkuya, na rungume ƙwallo a hammata, na ɗaga ɗaya hannun sama, na kwarara ihu, “Waggif!” Ban tsaya nan ba. Ɗan wasan gabansu da ya taho a guje har na harare shi, na ce masa da Larabci, “Kai ba ka ga babba zai wuce ba?”

Golanmu ya dafe kai da hannu biyu. Can sai na ji usur, na ga Kawu Isiyaku yana nuna wurin bugun fanareti. Sai a lokacin na duba da kyau. Ashe Baba ko kusa bai shigo fili ba, ta bayan raga yake bi, yana neman inda zai tsaya ya ga ɗansa gwani. Ga ni tsaye da ƙwallo a hammata kamar wanda ya sayo kankana.

Nan fa wuri ya kaure. 'Yan Ɗa'if suna ta “Balanti! Balanti!”, haka ake kiran fanareti a nan. Kyaftin ɗinmu, wani dogo mai suna Gazi, ya tsaya a gaban alƙali yana rantsuwa cewa dattijon ya shigo fili, don haka tun kafin in taɓa ƙwallo wasa ya tsaya. Wani ya ce in ma ƙafa ba ta shiga ba ai lema ta shiga. Malaminmu na wasanni ya ce a jefa ƙwallo tsakanin mutum biyu a wuce wurin. Wani tsoho mai tsire daga unguwarmu ya kutso yana nuna Kawu da yatsa, ya ce da Hausa, “Haba Isiyaku! Wace irin doka ce za ta hukunta yaro don ya girmama ubansa?”

Kawu ya taka zuwa bakin layi, ya sunkuya yana bin sawun takalmin Baba a ƙasa, tun daga kusurwa har bayan raga, ya koma ya sake bi. Sannan ya gai da Baba, ya ce, “Yaya, ka taka layin nan?”

Baba ya ce, “Wane layi?”

Aka nuna masa. Ya duba, ya duba bayansa, ya ce, “A'a, ta nan na bi.”

Kawu ya dawo ya ce da Larabci yadda kowa zai ji, “Da ya shigo, ni ne zan tsayar da wasa, kuma ban tsayar ba. Yaron yana da tarbiyya, amma ya taɓa ƙwallo da hannu. Balanti ne.”

Da a nan na yi shiru, da labarin ya tsaya a abin dariya. To ban yi ba. Wannan ɓangaren abokaina ba su san shi ba, yau ne zan fara faɗa. Na matsa kusa da shi, na sassauta murya, na juya harshe zuwa Hausa don kada su Gazi su gane. Na ce, “Kawu, ka rufa mini asiri. Ka ce ka riga ka busa usur kafin in ɗauka, hayaniya ce ta hana a ji. Ai mu naka ne.”

Ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce ma da ta fi mini sauƙi. Ya ce, “Ɗana, ban busa ba.”

Gazi ya matso yana tambaya, “Me ya ce maka, Ustaz?”

A zamanin babu katin gargaɗi, suna ake rubutawa a littafi a kai wa hukumar makaranta, kuma wanda ya nemi alƙali ya yi ƙarya ya gama buga ƙwallo a kwaleji. Kawu ya karɓi ƙwallon daga hammatata (har lokacin ina rungume da ita, jama'a), ya ce, “Magana ce tsakanin ɗa da kawunsa.” Ya ƙirga taku ya ajiye ta.

Suka buga, ta shiga. Ba a fi minti biyu ba aka tashi, 'yan Ɗa'if suka tafi da kofi a bayan babbar mota suna kiɗa. Ni kuwa ji nake da ma ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ratsa ta tsakiyar mutanen Jarwal suna ta yi masa tsaki, ya je ya karɓi lemar Baba, suka wuce masallaci tare.

Washegari Juma'a da safe Baba ya kira ni shago. Yana sa zare a allura ya ce, “Ƙwallon da ka ɗauka saboda ni, na gode, Allah ya yi maka albarka. Wauta ce, amma ni na koya maka ita.” Har na fara murmushi. Sai ya ce, “Abin da ka ce wa Isiyaku kuma, ni na koya maka?”

Ashe ya ji. Na manta cewa a bayan ragar akwai wani mai jin Hausa, kuma taku biyar ne tsakaninmu.

Kafin a tafi masallaci ina gidan Kawu, na durƙusa ina ta in'ina. Ya bari na gama, ya zuba mini shayi, ya ce, “Ka san me ya sa na bi sawun nan har sau biyu? So nake in ga ko da rabin takalmi a kan layi. Wallahi na nema, ɗana, ban samu ba.” Ranar da aka ci mu ban yi kuka ba, sai a nan.

Kusan wata guda mutanen unguwa ba sa amsa gaisuwarsa da kyau. A wurin mai shayi ana cewa ya sayar da Jarwal don Larabawa su yaba masa. Kalma ɗaya zai faɗa a kan abin da na roƙe shi, duk su juyo kaina, amma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Ni kuma, jarumin tsaron baya, ban iya buɗe baki na kare shi ba, ina laɓe ina jin daɗin ana cewa an zalunce ni. Na ga alƙalan wasa da yawa bayan haka, a fili da talabijin, masu manyan sunaye, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku.

Abin da na koya dai guda biyu ne. Har gobe in na ga dattijo ina tsayawa, sai dai nakan fara dubawa ko akwai mai usur a kusa. In kuma mai usur ɗin naka ne, to ka ƙara kama kanka, don in na kirki ne shi zai fara busa maka, sannan ya sha zagin a madadinka.