Yadda Ake Koya Wa Kare Tafiya Da Igiya

"Akuyata ce fa, Mushe! Akuya mai ciki ka bayar, ka karɓo abin da ko tashi ba ya yi!"

"Ke Fadimata, rage murya. Koyo yake."

"To ya koya kafin ranar kasuwa. In bai taka ba, ni zan taka, har Tarka gidan ubana."

Ta saman danga na jiyo wannan. Ba laɓe na yi ba, shanya nake. Fadimata ce da mijinta Mahmudu, mai rubutu a biro, wato ofishin hukuma, nan Tanut, wanda ake kira Mushe, malam ke nan da faransanci. Tun da kwamandan Nasara ya koma ƙasarsu, Mahmudu ya ga an bar gari babu mai yawo da kare a igiya da la'asar, sai ya ce shi zai gaji aikin. Na bi karatun karen nan daga farko har ƙarshe. Kai ma bi yadda ya yi, ni Tata, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, na yi maka alkawari: cikin kwana shida sai an samu mai tafiya a gidanka.

1. Samo karen da bai taɓa ganin igiya ba

Je wurin makiyayi irin Aghali na Tenhya, mai dogayen karnukan nan da ke cafke zomo a guje. Kada ka taɓa aljihunka, ga akuyar matarka a turke. In Aghali ya ce ba a ɗaure irinsu, yi masa murmushi. Shi ai bai yi lakwal ba, bai san boko ba.

2. Kiyaye alwalarka

Nasara yana shafa karensa, har ya bar shi ya lashe masa hannu. Kai Musulmi ne. Riƙe igiyar can bakinta, kada ka matsa, kada ka duƙa, kada ko gefen wandonka ya goge shi. Sa takalmi sau-ciki da safa, ka yanke ta filin ciyawar da ke bayan biro, don manya su hango ka ta taga.

3. In ya tsaya, yi masa faransanci

Zai tsaya kuwa. Zai ɗaga ƙafa guda yana kallonka, yana wani ɗan kuka. Girman kai ne kawai. Riƙe ƙugu ka ce, "Ale! Ale!" da ƙarfi har masu awon gero su bar tiyarsu su taru. In Dado mahauci ya ce, "Mushe, ko a kawo jaki a ɗora shi?" kada ka tanka. Hassada ce.

4. Ja

Ja shi a kwance. Ranar Talata Mahmudu ya ja layi a ƙasa da karen tun daga biro har bakin rijiya, kai ka ce huɗa aka yi. In ka gaji, jefa masa kilishi duk inda ya kwanta. Kwana biyu zai gane cewa kwanciyar ake biya.

5. Kada ka tambayi kowa

Wannan shi ne babba. Duk unguwa mun san abin da ke damun karen, don mu da ƙafa tsirara muke bin filin nan. Amma mutum mai alƙalami a aljihu ba ya tambayar tsofaffi.

Ranar kasuwa da hantsi Fadimata ta fito da ƙullin kayanta. Karen yana kwance a tsakar gida, Mahmudu yana tsaye yana ale-ale. Ta sauke ƙullin, ta tsuguna, ta kama ƙafar karen ta birkice ta. Ƙarangiya ce cunkus tsakanin yatsunsa, har ta fara ruwa. Ta cire ta ɗai-ɗai, ƙafa huɗu, ta zube a kan takalmin mijinta.

"Ga ɗalibinka, Mushe. Kwana shida yana miƙa maka ƙafa."

Ta wanke hannu, ta ɗau kayanta, ta bi 'yan Tarka masu komawa gida. Karen ya miƙe ya bi bayanta yana kaɗa wutsiya. Igiyar tana hannun Mahmudu, babu kare a jikinta.

Abin lura: in ka bi wannan ka rasa akuya, ko kare, ko mai yi maka tuwo, babu ruwan Tata. Ni na ce za a yi tafiya, ban ce wa zai yi ba. Haka na gaya wa Mahmudu da ya faɗo mini ɗaki ba sallama.

"Inna, ashe kin sani kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni, ɗan nan?"

"To don Allah ki je mini biko."

"Da wace ƙafar? Je ka da kanka. Amma bar igiyar a gida, ita ma ba ta son ja."

Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya fice, ya maido mini ƙyaure garam, har ƙasa ta zubo mini cikin fura.