Rasuwar Bulbul, Lasifikar Gundumar Yarpuzdere

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Dursun, tsohon mai shelar Gundumar Yarpuzdere, a madadin kaina da matata Sebahat da duk mai kunne a wannan kwari, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, lasifikar da jama'a suka sani da suna Bulbul. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan rufin gidana, bayan doguwar jinyar maƙogwaro. Sunan tsuntsu mai zaƙin murya aka ba ta don ba'a, ta kuwa riƙe shi ba tare da ta taɓa nuna ɓacin rai ba.

Marigayiya ta zo duniya a shekarar da aka yanke ƙauyukanmu daga birnin Bozhisar aka ba mu gundumarmu. Shugabanmu na farko, Nevzat, ya yi mana alkawarin kwalta da famfo da lasifika. Lasifikar ce ta fara isowa, kuma da bakinta aka yi ta ba mu haƙuri a kan sauran biyun har gashina ya fara fari. Aka ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a ƙofar ofis, aka miƙa mini makirufo domin ni ne na fi kowa ƙarfin murya a kasuwar tumaki.

Tana da ladabi. Ba ta taɓa buɗe baki ba sai ta yi gyaran murya: fiiiii, sannan ƙurrr, sannan tari biyu. Da an ji wannan, mata su ajiye kwaɓin burodi, maza a shagon shayi su tsayar da cokali cikin kofi, tsofaffi su fara lissafa wanda ba su gani a masallaci ba. Ba ta da ɓangare. Ita ta sanar da ɓallewar ƙauyukan kan tudu lokacin rigimar makiyaya, ita ta yi musu maraba da suka dawo da kunya bayan sun gano ba su da motar kashe gobara. Shugabanni sun hau sun sauka, kowa ta yi masa murna da murya ɗaya. Aibinta guda ne, ba ta riƙe sirri. Ran da babban mai duba ayyuka ya zo daga birni, Nevzat ya manta makirufo a kunne, kwarin nan kaf ya ji shi yana cewa, “A ba shi gasasshen nama ya cika ciki, wannan bunsurun ko ramin masai ka nuna masa cewa zai yi rijiya ce.” Mai dubawar yana tsakar fili a lokacin. Ya ci naman kuwa.

Amma aikin da za a fi tuna ta da shi na wani hunturu ne. Maƙwabciyarmu Remziye, wadda mijinta ya rasu, ta hau dutse neman itace, dusar ƙanƙara ta rufe sama da ƙasa da rana tsaka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Maza suka fita suka dawo hannu wofi. Aka ce in yi ta magana ta lasifika, ko Remziye ta ji ta bi sautin. Na kira sunanta har muryata ta dushe. Sai ga Sebahat, wadda suka shekara ba sa gaisawa da Remziye saboda wata kaza, ta fizge makirufo daga hannuna.

“Remziye! Ke nake kira, mai taurin kai! Zauna can abinki. Yanzu zan shiga ɗakinki in buɗe tulunan kabejin nan naki mai tsami, in kira matan gari su ɗanɗana su ji yadda kike lafta gishiri kamar mai jima!”

Haka ta yi ta yi, tana zagi hawaye na zuba. Can wajen la'asar muka ga wani farin abu yana gangarowa ta bayan maƙabarta, da ɗaurin itace a baya. Leɓɓanta sun yi shuɗi, ƙafa ba ta ɗaukarta, amma abin da ta fara faɗa shi ne, “Ina Sebahat? Wa ya ce gishirina ya yi yawa?”

Daga nan duniya ta fara juya mana baya. Matasa suka watse, wasu Istanbul, wasu Jamus. Aka ce duk gundumar da mutanenta suka gaza adadin da aka ƙayyade za a haɗe ta da birni. Bulbul ta yi iya ƙoƙarinta, kullum tana roƙon iyaye su kira 'ya'yansu su dawo a ƙirga da su. Sun zo mota-mota, an yanka raguna, an ƙirga, ba mu kai ba. Ni aka ba sanarwar rushewa in karanta. Na ɗauki makirufo ina fatan yau dai tarin nan nata ya sarƙe ta, ko wuta ta ɗauke. Ina! Ranar ce muryarta ta fita tas kamar ta amarya, har ƙauyen ƙarshe ya ji cewa daga yau mu unguwa ce a cikin Bozhisar.

Ma'aikatan birni suka zo suka kwashe kujeru da tarakta da motar gobara. Ɗaya ya ɗaga kai ya dubi Bulbul ya ce, “Kawu, wannan kakakin fa? Mu yanzu saƙon waya muke turawa.” Na ce, “To ɗana, bar mini ita, mu tsufa tare.” Na sauke ta da hannuna na kai ta rufin gidana. Saƙon wayar nasu yakan iso bayan an dawo daga jana'iza, tsofaffinmu kuma ba sa ganin ƙananan baƙaƙe, don haka marigayiya ta ci gaba da aiki ba ofis ba muƙami.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Tarin ya zama huɗu, ya zama takwas, kalmomi suka riƙa fita rabi-rabi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce kayan irinta sun ƙare tun yana goye. Ranar Talata na hau rufi in sanar cewa Fikri mai aski ya aurar da jikarsa, yana gayyatar kowa cin abinci. Na ce, “Ana sanar da jama'a cewa Fikri mai aski ya...” Sai ta ce ƙit. Shiru. Kafin in sauko daga tsani gari ya cika ƙofar Fikri da salati da koke-koke. Suka tarar da shi tsaye da ludayi yana juya tukunyar alkama da nama. Ya dube su ya ce, “Ku zauna, ku zauna, ai abincin ɗaya ne. Amma na ga waɗanda ba su yi kuka ba.”

Ta rasu ta bar makirufo, da wayar da ɓeraye suka ci rabinta, da dogon ƙarfen da har yanzu ke tsaye a ƙofar ofishin da aka kulle. Ta kuma bar ni. Jiya na tambayi Sebahat, in tawa ta zo wa zai sanar? Ta ce, “Kwantar da hankalinka, tsoho. Zan buɗe taga kawai.”

Za a yi rakiya ranar Juma'a bayan an sauko. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma zai zo cin halwa, alewar da muke rabawa a makoki. Za a sauko da ita cikin bargo, a zaga da ita ta shagon shayi, a ajiye ta a lambun bayan gidana. Ana roƙon mai sayen tsofaffin ƙarafa kada ya halarta. Masu zuwa daga birni kada su nemi sunan Yarpuzdere a allon hanya, an cire shi. Ku sauka a tsohuwar gada ku bi hanyar hagu. A da, tun daga nan za ku jiyo mu. Yanzu sai dai ku tsaya ku tambayi mutum.