Takalmin Baffa Idi a Dutsen Shafa

Ba zan taɓa mantawa da kwanan da na yi a dutsen Shafa ba, kuma har gobe in na ga biri, ko a talabijin ne, sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina neman auren Sakina. Mahaifinta ya rasu, maganar tana hannun Baffa Idi, dattijo mai shagon yadi a unguwar Hindawiyya ta Jidda, wanda ba ya dariya sai da dalili. Duk sanda zafin Jidda ya ishe shi, sai ya kwashi mazan gidan su hau Shafa, can gaban Ɗa'if, su kwana a wani tsohon ɗakin dutse, ba wuta ba famfo. Ya ce in bi su, "mu ga hankalinka."

Ni kuwa da bakina ba ya shiru, na ce tsiren safe yana wuyana. (Haifaffen unguwar Mahjar ta Jidda ne fa ni, dutse sai dai a hoto.) Na yanka cinyar rago, na shafe ta da yaji da ƙuli. Ba firji, amma na ce ai waje ya fi firji sanyi. Na ƙulle naman a leda na rataye a bishiyar bakin ƙofa. Yaji ya ɓata min farar jallabiyata, na wanke na shanya a gefensa. 'Yan uwan Sakina suna zaune suna kallona, duk sun san wurin, wallahi ba wanda ya ce min uffan. Wannan ne yake ƙona min rai har yau.

Gari na wayewa na ji ƙarar leda. Na leƙo, daga ni sai singileti da zanen barci. Birai ne, ƙatti! Wani ya zauna a kan dutse yana cin namana hankali kwance, wani yana jan jallabiyata a ƙasa. Idona ya rufe. Na manta a gaban surukai nake, na yi waje ina zagi da Larabci da Hausa, na sunkuya na wawuri takalmi ɗaya daga tarin bakin ƙofa na wurga wa babban.

Ban same shi ba. Ɗan banzan ya ɗauki takalmin, ya sansana, ya gangara kwari da shi. Ni kuma zanena ya kwance, na cafe shi da ƙyar a gwiwa.

Ina juyowa sai ga Baffa Idi tsaye da buta, yana kallon ƙasa, inda takalminsa ƙafa ɗaya ya rage. Na fata ne, daga Kano aka kawo masa.

"Halas, yaro? Ka gama yaƙin?"

Na ce, "Baffa, ga nawa." Ko kallonsa bai yi ba. Haka tsohon nan ya taka tsakuwa har wajen mota ba takalmi, ina binsa a baya cikin rigar aro. Kafin mu iso Jidda na riga na tabbata Sakina ta kuɓuce min.

Ya ja ni watanni kafin ya ba ni ita. Amma har yau in na je gaishe shi, ina yin sallama sai ya ɗaga murya: "Yalla, a shigo min da takalmana, mijin Sakina ya zo!"

Ni dai na ɗauki darasi. Zuciyata tana nan ba ta ragu ba, amma yanzu kafin in yi jifa sai na duba abin da ke hannuna na wane ne.