Ja'afaru Manaja da Kaset ɗin 'Yan Tsatsa

Baba, Ja'afaru ya ce shi ya koya maka riƙe jita.

A gidanmu ya faɗa, a zaman makokinka, bakinsa cike da shinkafar da aka dafa wa masu gaisuwa. Ya ce ba don shi ba da 'Yan Tsatsa ba su wuce ƙofar garejin Bolari ba. Wai shi ne na biyar ɗinku, shi ne manaja, shi ne kai, ku huɗun hannuwa da ƙafafu ne kawai. Duk mai musu kuma ya je ya saurari kaset, sunansa na ciki, daga bakin Bernard da kansa, wato bakinka. Na san da kana nan da ka yi dariyar nan taka mai ƙarewa da tari. To gyara kwanciya in ba ka labarin abin da mutumin naka ya tafka bayan tafiyarka.

Ka yi haƙuri in maimaita abin da ka fi ni sani, ni a bakin mutane na tsince shi. An ce ku huɗu ne, masu walda da gyaran babur, kuka ci karo da kaset-kaset ɗin da wani malami Bature ya bari, na kiɗan da ake kira pank. Kiɗa ne marar ladabi, mai gudu kamar an biyo mutum da sanda. Kuka ce ai wannan ƙarar garejinku ce, kuka haɗa ƙungiya. Kai ne mai jita da waƙa, Baba Titus mai ganga. Kuka yi kaset ɗaya tak a duniya, a cikin garejin, da rana tsaka, jama'a na tsalle suna ihu. A tsakiyar waƙarku da aka fi so, wato "Ba Mu Yi Wanka Ba", sai jita ta ɗauke ɗif, sifika ta saki wata kuwwa, aka ji muryarka tar: "Ja'afaru, ɗage ƙafarka daga kan waya, gaula!"

Sunan nasa ke nan da ke cikin kaset.

Amma Ja'afaru ya daɗe da komawa unguwar Kagarawal, inda ya buɗe shagon hayar kujeru da rumfuna, kuma a can babu wanda ya taɓa jin kaset ɗin. Shekara da shekaru yana ba maƙwabta labari cewa a tsakiyar waƙa Bernard ya tsayar da kiɗa don ya yi masa kirari. Har suna suka sa masa, Manajan Duniya. Yana tafiya yana tura ciki gaba, hula a karkace, biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu.

Da tsofaffin masoyanku suka ce za su taru a garejin don tunawa da kai, a kunna kaset a ji muryarka, Ja'afaru ya miƙe ya bugi ƙirji ya ce a bar masa komai. Ya zaunar da Mama da surutu tun hantsi har azahar, sai da ta gaji ta ɗauko jakar kayanka ta miƙa masa don ya tafi: jaket ɗinka, jita da akwatin sifikarta, da kaset ɗin. Daga nan ya zarce Kagarawal ya gayyaci unguwa kaf, har da surukansa, su zo su ji kirarinsa da kunnensu. Sai da ya koma gida ya cire hula, sannan ya tuna abin da kirarin ya ƙunsa. Amma Manajan Duniya ba ya rasa dabara, dabara ce dai ke rasa inda za ta sa kanta in ta shiga hannunsa.

Ya fara da jaket. Ka san ta, baƙar fatar nan da ka yayyage da hannunka, ka manna mata murafan kwalba da ƙusoshi da sarƙar keke. Ja'afaru ya ɗaga ta, ya girgiza kai, ya ce Allah sarki Bernard, ashe haka talauci ya yi masa. Ya kai ta wurin tela. Aka cire ƙarafan, aka ɗinke kowace yaga, aka yi mata aikin zare ruwan gwal a wuya, aka fesa mata turare. Da ya wuce da ita ta Bolari don a yaba masa, Baba Titus ya juya ta gaba da baya, ya tambaye shi wane ango ne zai sa.

Ja'afaru ya ce, "Titus, matsalarku ke nan tun muna yara. Ba ku san daraja ba."

Baba Titus ya ce, "Ina jita?"

Jita tana wurin kafinta. An goge ta da samfefa, duk sunayen da masoya suka kankara a jikinta da ƙusa sun tafi, an shafe ta da fenti mai sheƙi har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Sifikar kuwa, wadda kai da kanka ka huda da sandar walda don ta riƙa ƙugin nan mai kama da gurnani, Ja'afaru ya gano hujin, ya ce ɓera ne, ya sa aka canza ta da sabuwa. Baba Titus ya zauna a kan taya, ya daɗe yana kallon ƙasa, kamar yau aka kawo masa labarin rasuwar.

Sai babban aikin. Ja'afaru ya hau keke-napep zuwa unguwar Malam Inna, situdiyon wani Nuruddeen mai buga waƙoƙin biki. Nuruddeen ya tono tsohuwar rikoda daga ƙarƙashin tarkace, ya sa kaset. Waƙa na tashi Ja'afaru ya toshe kunne, ya ce a wanke ta. Nuruddeen ya tambaya me za a wanke. Ja'afaru ya ce duka: ihun jama'a, gurnanin jita, gudun gangar nan ta Titus mai kama da an saki jakai a kan kwano. A rage gudu, a miƙe muryar Bernard, a zuba fiyano, a ɗan sa muryar mata suna amshi don armashi.

Da kaset ya iso wurin da ka kira sunansa, ya matso da kujera, ya rage murya kamar mai neman aure.

"Nan fa, ɗana. Sunan za ka bari. Abin da ya biyo baya, datti ne."

Nuruddeen ya mayar ya sake saurare, ya cije leɓe, ya ce, "Baba Manaja, ai kamar magana ce."

"Ni da nake wurin na ce maka datti ne. Yanke. Sunan kuma ka sa masa amsa-kuwwa, irin na manya."

Aka yanke, aka sa. Da ya ji sunansa na dawowa yana "faru, faru, faru" kamar daga cikin rijiya, har hawaye ya share. Sannan ya ce tsofaffi sun fi son su ga kaset na juyawa, don haka a naɗe sabuwar a kan tsohuwar, a share sauran waƙoƙin da ke kaset ɗin, a kuma goge ta asalin daga kwamfuta kada ƙazanta ta kama sauran waƙoƙin mutane. Nuruddeen ya ce a bar ta mana ko don tarihi. Ja'afaru ya ce tarihin ne zaune a gabansa.

Ranar taro bayan la'asar, garejin da ka sani ya zama wani abu dabam. Ja'afaru ya kafa rumfuna masu tuntu, ya jera fararen kujeru layi-layi, ya ɗaura musu ƙyallaye ruwan hoda. Ya kafa babban teburi da furannin roba, ya rataye jaket ɗinka a bayan kujerarsa, ya jingine jita tana walƙiya. Mutanen Kagarawal suka cika gaba cikin manyan kaya.

Sai ga naku sun fara isowa. Baba, da ka gan su. Madam Hilda, wadda ta yi ritaya tana shugabar makarantar firamare, ta zo da sandarta da tsohuwar riga mai huji da ta ɓoye a ƙasan akwati tun kafin a haife ni. Alhaji Bamanga mai hatsi, da geminsa fari fat, ya rataya makullin babur a wuya, yana ta waige kada yaran shagonsa su gan shi. Akwai mai ciwon gwiwa, akwai wanda jikarsa ta riƙo. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon kujeru. Madam Hilda ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin 'Yan Tsatsa a zaune ba. Ja'afaru ya ce yanzu an ci gaba, ta zauna.

Ya karɓi lasifika ya yi jawabi. Ya gode wa kansa da sunan kwamiti. Ya ce marigayi yaro ne mai biyayya, duk abin da ya koya masa ya riƙe. Ya ce a nutsu, musamman baƙinsa na Kagarawal, domin akwai wurin da za su ji abin da ya daɗe yana faɗa musu. Ya danna rikoda da ɗan yatsa ɗaya, ya juya ya fuskanci jama'a.

Fiyano ya taso a hankali, lallausa kamar kunun gyaɗa. Mata suka shigo da amshi. Sai wata murya siririya mai santsi ta fara cewa ba mu yi wanka ba, da wani irin ladabi kamar tana ba da haƙuri. Mutanen Kagarawal suka fara gyaɗa kai. Wata mai tallar awara da ke wucewa ta rangaɗa guɗa, ta leƙo tana tambayar ina amarya.

Naku kuwa sai kallon juna. Alhaji Bamanga ya tambayi na kusa da shi ko an yi kuskuren kaset ne. Madam Hilda ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta zo ta ji muryarka, aka ba ta ta wani wanda bai taɓa riƙe guduma ba.

Baba Titus ne ya tashi. Ya je bayan gareji ya mirgino wani tsohon durom na man inji, ya ɗauki sifana biyu. Ya fara dukansa da gudun asali, gudun jakai a kan kwano. Madam Hilda ta sa sanda ta ture kujerar gabanta. Alhaji Bamanga ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Kafin Ja'afaru ya ce a kula da kayan haya, kujeru sun watse, tsofaffi na tsalle iya abin da gwiwa ta yarda, suna rera waƙar da muryoyinsu na tsatsa, sun danne fiyano da matan amshin gaba ɗaya. Ƙura ta tashi, furannin roba suka kife.

Ja'afaru ya ga za a binne masa kirari. Ya ruga wurin rikoda ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya tsaya a gaban sifika, ya ɗaga hannu sama yana yi wa surukansa alama su kasa kunne. Baba Titus, da ya san wurin kamar sunansa, ya tsayar da sifana cak. Garejin ya yi tsit. Daga cikin sabuwar sifika sunan ya fito, da girmansa da amsa-kuwwarsa.

"Ja'afaru, faru, faru, faru."

Manajan Duniya ya lumshe ido, ya dafa ƙirji.

Sai tsofaffin nan gaba ɗayansu, da mai sanda da mai gemu da wanda jika ta riƙo, suka buɗe baki ɗaya: "Ɗage ƙafarka daga kan waya, gaula!"

Mutanen Kagarawal suka kalli ƙafarsa. Shi ma ya kalla. Baba, wallahi a kan waya yake tsaye.

Ya yi wuf zai ɗage, wayar ta sarƙe takalminsa. Ya ja, ta ja. Rikoda ta ɗauke ɗif, lasifika ta faɗa kan sifika, ta saki wata kuwwa mai tsaga kunne, irin ta cikin kaset sak, babu ragi. Shi kuma ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin bokitin zoɓon da aka tanadar wa manyan baƙi, hula a gefe guda, biro uku na iyo.

Surukinsa ya sunkuya ya tambayi Baba Titus a hankali ko da gaske wannan bawan Allah ya taɓa zama ɗan ƙungiya.

Baba Titus ya share gumi ya ce, "Ɗan ƙungiya ne mana. Duk cikinmu shi kaɗai ne bai manta aikinsa ba."

Washegari na je Malam Inna in karɓo ta asalin, a nan Nuruddeen ya zaunar da ni ya ba ni wannan labari, yana kallon ƙasa. Mama ta mayar da kaset ɗin cikin jakarka ta ɗora a kan sif, tana cewa duk ranar da zuciyarta ta yi ƙarfi za ta kunna ta ji ka. Su Madam Hilda na jira in kawo musu ta gaskiyar. Kalma ɗaya ce ta rage daga bakinka a duniya, Baba, ita ma sunan Ja'afaru ce. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.