Rasuwar Kwamfutar Yaya Muhtari, Wadda Aka Yi Wa Shaidar Zur

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, a wannan azahar ta bazara da ko ganye ba ya motsi, ni Imrana, a madadin yayana Muhtari mai shagon buga takardu a bakin tashar Ƙaura Namoda, nake sanar da jama'a rasuwar kwamfutarmu. Ta cika jiya bayan la'asar, tana tsaka da aiki.

Marigayiya mai haƙuri ce. 'Yar gwanjo ta zo mana, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ta sha wutar janareta mai kyau da marar kyau ba ta taɓa ƙorafi ba. Da safe "ƙit" ɗaya take yi ta tashi. A kanta na koyi inda haruffa suke, da yatsa ɗaya, ba ta taɓa gajiya da ni ba.

Zafi ne ajalinta, amma da hannun maƙaryaciya a ciki. Shaidu biyu ke tsaron lafiyarta. Ɗaya ɗan ma'aunin zafi ne mai waya, da mai gyara ya liƙa mata daga waje. Ɗayar manhaja ce da wani mai tallan faifai ya zuba mata, ya rantse in zafi ya kai saba'in za ta yi kuka ta kashe kwamfutar da kanta. Tun shigowar bazara ma'aunin mai waya yake nuna tamanin da wani abu. Manhaja kuwa arba'in, da koren rubutu mai kyau. Safe arba'in, rana tsaka arba'in. Yaya ya ce manhajar da ke zaune cikin jiki ta fi sanin ciwon, muka bi ta. Fankar cikin kwamfutar tana "gurrr, gurrr" kamar mai neman ceto. Wallahi har ƙauri ya tashi, munafukar nan arba'in take nunawa.

Ni ban saba zagi ba. Amma wannan shaidar zur ce, da mutum ce da tuni tana gaban alƙali. Ban yafe ba. Mai tallan faifai ma kada ya wahalar da ƙafarsa zuwa gaisuwa.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya mai cin takarda, da kibod da haruffansa suka goge, sai ni. Yaya ya ce babu halin sayen wata, shago rufewa za a yi. In ruwa ya sauka zan koma ƙauyenmu Sakajiki in kama fartanya.

Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. Za a karɓi gaisuwa gobe a kan bencin ƙofar shago, jibi a kai ta Gusau wurin masu sayen matattun na'urori. Faifan manhajar ba zai bi ta ba, a gonar gero zan rataye shi ya kori tsuntsaye, in ma su ba ƙarya zai yi musu ba. Kwalin da za a sa ta ciki, Audu mai shayi ya ajiye mana a ƙofa tun da safe, ya koma kan butarsa.