Tumakin da Na Ɗora wa Baturen Ingila

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe a cikin zauren sinima a Lyon, zaure cike da jama'a, na wanke wani dattijo tas a kan tumakin da ba nasa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Abin haushin kuma, duk lokacin da na nemi wanda zan huce a kansa sai in tarar ni ne.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin sadarwa, ina zaune a Vénissieux, gefen Lyon, hawa na tara na wani dogon bene da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Mu ɗaliban Nijar da na Najeriya muna da wani dandali a intanet da muke hirar fina-finai. A nan muka buɗe jerin fina-finan Ingila da aka fi tsana, da daraktocin da ya kamata a ƙwace musu kyamara. Ni ne sarkin wannan jeri. Ba wanda ya naɗa ni, bakina ne kawai ya fi na kowa kaifi.

A saman jerin na ɗora wani darakta da ba zan kama sunansa ba (ya sha isasshe a hannuna). Fim ɗinsa ɗaya tal na kalla. A Paris na saye shi, a unguwar Goutte d'Or, wajen wani Alhaji mai shagon waya da ke ajiye faya-fayan DVD a ƙarƙashin kanta. Irin faifan nan ne da ake ɗauka a ɓoye cikin sinima. Ba farko, ba sunayen 'yan wasa a ƙarshe, sai sunan fim da Alhaji ya rubuta da hannunsa a jikin faifan.

Me ke ciki? Wani mutum da tumakinsa a kan tudu, ruwan sama na zuba. Ya kalli tumaki, tumaki su kalle shi. Ya shiga ɗaki ya sha shayi ya fito. Tunkiya ɗaya ta ɓata, aka kwashe rabin awa ana nemanta, da aka gan ta ko murmushi ba wanda ya yi. Ni ɗan Damagaram da ya tashi yana koro tumakin kakarsa, in keto har Faransa a zaunar da ni kallon kiwo! Ranar na rubuta zagin da ya fi duk wani aikin makaranta da na taɓa yi tsawo. Jama'ar dandali suka yi ta dariya, kowa ya jefa wa daraktan ƙuri'ar tsana. Daga baya na gane ko mutum ɗaya cikinsu bai kalli fim ɗin ba, maganata suka bi.

Mutum guda ne ya ɗaga min yatsa, abokina Daniel, ɗan Kafanchan mai karatun fassara a Lyon. Ya rubuta: "Anya, Malam? Ni na san mutumin nan da fina-finan cikin gari." Na mayar masa: "Ku ai Ingila ce ta rene ku, dole ka kare iyayen gidanka." Na ɗauka na ci nasara.

To, shekarar ce ake bukatar in yi istaj, wato horon aiki, wanda in babu shi makaranta ba ta sa hannu cewa ka gama. Na aika takardu ko'ina, ko amsa babu, ga lokaci na ƙurewa. Daniel ɗin nan da na ci wa fuska shi ya yi min hanya wajen wata Madam mai riƙe da wani ƙaramin sinima da ke nuna fina-finan ƙasashen waje. Gurbi ɗaya gare ta.

"Ka zo ran Asabar da rana," in ji ta. "Za mu nuna fim, daraktan zai zo da kansa daga Ingila, bayan nan a yi muhawara. Ina so in ji yadda kake magana a kan fim. Ba na son masu gyaɗa kai."

Da ta faɗi sunan daraktan da sunan fim ɗin, saura kaɗan in rungume ta. Mutumina ne! Allah ya kawo min shi har gida.

Ga inda wautar take. Na ce ni ba zan sake ba wa tumakin nan awa biyu na rayuwata ba. Ranar na hau jirgin ƙasa na metro D na iso da wuri, amma maimakon in shiga sai na zauna a shagon kebab da ke kallon sinima, ina ci ina gyara jawabina a takarda (har layi na ja a ƙarƙashin wuraren da za a yi dariya). Sai da na ga alamar an tashi na sulale ciki na zauna a baya.

Dattijon na zaune a gaba, siriri, da wata tsohuwar rigar sanyi. Madam a damansa, Daniel a hagunsa yana tafinta. Ana cewa wa ke da tambaya, hannuna ya riga na kowa.

Na karɓi makirfo na fara da Faransancina na ranar salla. Na ce a ƙasarmu makiyayi ma yakan busa sarewa don kada gundura ta kashe shi. Na ce rabin awa ana neman tunkiya ɗaya cin amanar mai kallo ne. Na tambaye shi ko tumakin ne suka rubuta labarin, shi ya sa hannu kawai. Na dakata a inda na ja layi. Ba wanda ya yi dariya.

Daniel ya kauda makirfonsa daga baki, ya ce da Hausa: "Malam, don Allah zauna. Babu tumaki."

Na ɗauka kare shi yake yi kamar kullum, sai zuciya ta ɗebe ni. "Fassara masa, Daniel! Traduis! Kada ka rage ko kalma ɗaya!"

Ya fassara kuwa, bai rage ba. Dattijon ya saurara da kai a karkace, ya yi 'yar magana. Daniel ya juyo, ya faɗa da Faransanci don kowa ya ji, idonsa a ƙasa:

"Ya ce shi bai taɓa ɗaukar tunkiya ba a rayuwarsa. Fim ɗinsa a shagon gyaran takalma aka yi shi, wa da ƙane ne a ciki. Ya ce amma in ka tuna sunan na tumakin ka faɗa masa, ka sa masa sha'awar gani."

A nan ne aka yi dariyar, irin wadda ake riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye, makirfo a hannu, gumi na bin bayana, ina roƙon ƙasa ta tsage. Madam ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi miyar kebab da ta ɗiga a gaban rigata, ta ce, "A wace kujera ka zauna lokacin da ake nuna fim ɗin?" Wata tsohuwa ce ta zare makirfon daga hannuna a hankali.

A bakin ƙofa na tare Madam zan yi bayani. Ta ce, "Aikin sinima, abu na farko shi ne mutum ya shiga ya zauna." Wata yarinya aka ba gurbin, wadda ta shiga ta zauna. Ni na maimaita shekara. Da na kira babana a Damagaram ya tambayi dalili, na ce masa tsarin makarantar ne ya canza, don ban san yadda ake gaya wa uba tumaki ne suka kayar da ɗansa ba.

Da na samu zuwa Paris, kai tsaye na nufi shagon Alhaji da faifan a hannu, ina huci. Sai da ya gama tambayar gida da karatu da sanyin Lyon, sannan ya karɓa ya jujjuya shi.

"To mine ne matsalar, Malam? Ba na Angleterre ba ne, na Ingila?"

"Alhaji, ba shi ne fim ɗin da ka rubuta ba!"

"Ba ruwa ake yi a ciki ba? Ba shayi suke sha ba? Ai c'est pareil, duk ɗaya ne."

Na karɓi faifaina na fito, don abin da ya faɗa shi ne abin da na shekara ina rubutawa a dandali.

Daga baya Daniel ya ara min fim ɗin na gaskiya, na zauna na kalle shi tun daga farko har sunayen ƙarshe. Wallahi ya fi na tumakin muni. Tsofaffi biyu suna buga ƙusa a takalmi ba mai ce wa wani ƙala, awa biyu cur. Na tumakin aƙalla an ga tunkiyar da ta ɓata. Na buɗe dandali, ga zagi fal a bakina, wannan karon kuma da gaskiyata. Kafin in rubuta komai na ga an canza hoton da ke gefen sunana, an sa tunkiya.

Na rufe. Tun ranar, kafin in tsani abu sai na shiga na zauna na gan shi har ƙarshe. Amma fim ɗin da ya fi kowane cancantar zagina a duniya, ni kaɗai ne ba ni da bakin zaginsa.